Tsakanin Rama da Tumbi: Abin da Sikeli Ke Iya Faɗa

A Daura ta Karaye, ba waccan ta Bayajidda ba, ido ne sikelinmu. Ɗan gari ya dawo hutun sallah daga Kano da tumbi, sai a ce ya samu. Ya dawo a rame, sai a shiga tambayar ko lafiya. Wannan hukunci yana da tushe. A ƙasar da rumbu ke yin ƙasa a tsakiyar damina, daidai lokacin da noma ya fi cin ƙarfi, ƙiba shaida ce cewa mutum ya tsallake yunwa. Sai dai da yawanmu mun ajiye fartanya mun hau kujerar ofis, ga mota, ga lemon kwalba, amma har yau da idon kakanninmu muke auna kanmu. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san wani ma'auni, wanda likitoci ke kira BMI, wato awon nauyin jiki gwargwadon tsawo.

Lissafinsa ba wuya. Ka ninka tsawonka a mita da kansa, sannan ka raba nauyinka a kilo da abin da ka samu. Mai tsawon mita 1.70 zai samu 2.89. Idan nauyinsa kilo 72 ne, awonsa 24.9 ke nan. Idan ya kai kilo 87, ya haura 30. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari. Ke nan wancan mutumin, nauyin da ya dace da shi yana tsakanin kilo 54 da 72. Wannan na manya ne. Yara da masu juna biyu suna da nasu awon daban.

Wanda ya fara wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet, masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Beljiyam, shi ya fito da shi a shekarun 1830, yana neman siffar matsakaicin mutum a cikin jama'ar Turai. Sai a 1972 Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau, kuma ya ɗauke shi a matsayin abin nazarin al'umma. Sanin wannan asali yana bayyana iyakarsa. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, nauyi kawai ya sani. Ɗan dako da ke sauke buhunan masara a kasuwar Rogo zai iya samun 26 alhali duk tsoka ce. Ma'aikaci mai siraran ƙafafu da tulin ciki zai iya samun 24 ya tafi da murna, alhali kitsen da ke kewaye da hanta da hanji shi ne ya fi jawo ciwon suga da hawan jini. Haka kuma hukumar NICE ta Birtaniya tana ba da shawarar a fara lura da baƙar fata da 'yan Asiya tun daga 23, domin ciwon suga kan kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba.

Saboda haka nake haɗa shi da awo na biyu wanda ba ya bukatar ko sisi. Ka yanki zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya shi a ƙugunka, ɗan sama da cibiya. Idan bakunansa ba su haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, lokaci ya yi da za a auna maka jini da suga.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gida ɗaya ana samun matsalolin biyu. Tsohuwa a ƙauye tana ƙasa da 18.5, an ce tsufa ne, alhali rama marar dalili na iya zama alamar tarin fuka ko ciwon suga. Ɗanta a birni ya haura 30, ana yi masa barka. Jikarta kuma, da biki ya matso, ƙawaye na kawo mata sha-ka-fashe domin ta ciko. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, irin su dexamethasone, suna kumbura fuska, su ɗaga suga da jini, su raunana garkuwar jiki. Duka ukun ido ya yanke musu hukunci, kuma duka ukun bai yi musu adalci ba.

Ba na cewa lamba ɗaya ta isa ta faɗi lafiyar mutum. Amfaninta shi ne ta sa ka yi tambayar da ba ka saba yi ba tun kafin ciwo ya yi magana, domin hawan jini kan yi shekaru bai nuna alama ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ka hau sikeli guda a kowane 'yan watanni, ka rubuta abin da ya nuna, ka lura da inda lambar ta dosa. In ka tashi zuwa gida, ka tafi da sikelin, a auna tsofaffi su ma.