Gayyar Bakin Gulbi

Muna yara, duk shekara idan bazara ta kama, zafi ya kai ana kwana a tsakar gida, akwai daren da mai shela yake zagaya unguwarmu bayan sallar isha'i. Saƙon mai unguwa ne: gobe da sassafe kowane gida ya fitar da namiji ɗaya, a zo da cebur ko diga ko kwando, za a gyara hanyar ruwa. Unguwarmu tana gangaren da ke fuskantar gulbi a Gusau, wato Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajajen Funtuwa, ya bi ta gefen garinmu, ya wuce Bunguɗu, ya nufi Talatar Mafara. Mu dai gulbi kawai muke ce masa, don ba mu san wani ba.

Akwai wani kwari da ya ratsa bayan gidajenmu ya faɗa gulbin. Da rani yakan cika da toka da shara da ƙasar da iska ta kwaso. Idan aka bar shi haka ruwan farko ya sauka, to katangun ƙasa ne za su sha wuya. Shi ake fitowa yashewa. Ina da kamar shekara tara aka fara ba ni kwando. Manya suna haƙa, mu yara muna kwasa muna zubarwa a inda gaɓa ta zaizaye, makaɗi yana bin layi yana kiran sunan kowa da na ubansa, wanda aka wasa kuwa sai ka ga ya ƙara sara kamar bai gaji ba. Wajen hantsi mata su aiko da kunu da fura a manyan ƙwarya. Gidan da bai fitar da kowa ba, ba a kai shi ƙara ko'ina. Goro ake ci tararsa, sannan ya sha zolaya har kaka. Na ga dattijo mai rawani ya zo da kansa ya tsaya riƙe da kwando saboda ɗansa ya yi tafiya, don kada a ce gidansa ba ya cikin jama'a.

A lokacin, tsakanin gidan ƙarshe da bakin ruwa akwai fili mai faɗi da ba a gini a kansa. Lambuna ne a ciki, na albasa da tumatir da tattasai, ana ban ruwa da jigo. Ta gefe guda burtali ya sauko zuwa mashaya, an shinge shi da aduruku da cini-da-zugu, shanu suna bi safe da yamma. Na taɓa tambayar Baba me ya sa ba a gina gidaje a wurin, ga shi kusa da ruwa. Ya ce, "Wanga wuri na gulbi ne, aro munka yi. Ranar da ya so abinai, zuwa zai yi ya amsa."

Na ga yadda ake yanke magana a kan filin nan sau ɗaya, kuma ban manta ba. Wani attajiri mai sayen gyaɗa da auduga ya nemi a ba shi wuri a can ya gina sito. A lokacin Gusau gari ne na ciniki sosai. Tun da jirgin ƙasa ya iso kamfanoni suka kafa kantuna, ga injin gurzar auduga, ga masaƙa, ga matatsar man gyaɗa. Mai unguwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa bayan la'asar, aka kira liman da sarkin noma da sarkin ruwa da wakilin ardo da masu lambuna. Mu yara muka laɓe a jikin dakali. Sarkin ruwa ya ce a tashi a bi shi. Ya kai su gindin wata tsamiya, ya ɗora hannu a jikinta sama da kafaɗarsa, ya ce nan ruwa ya kawo a wata shekara da shi yana saurayi, kuma akwai mutum uku a zaune da suka gani. Wakilin ardo ya nuna inda siton zai toshe bakin burtali. Attajirin ya yi shiru, daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mani tudu." Aka ba shi wuri a tudu, har yau ginin yana nan.

Wannan a zamanin En'e ne, amma ba ina cewa zamani ne na adalci zalla ba. Kakana ya ba mu labarin aikin tilas da dukan dogarai da yadda ake kwana a daji gudun haraji, kuma shi da kansa yake rarrabe mana gayya da aikin tilas: ɗaya kai ka ga amfaninsa ka fito, ɗaya an fito da kai. Akwai masu sarauta da suka ci filayen talakawa. Abin da dai na shaida shi ne, maganar ƙasa a gaban mutanen da za ta shafa ake yin ta, wanda ya yi gumi a kan wuri kuma yana da bakin magana a kansa.

A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, aka kawo ciyaman da kansiloli, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Shekara biyu bayan haka, a Maris na 1978, aka kafa dokar amfani da filaye. Dokar ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke bayar da shi bisa shawarar wani kwamiti. Wanda ke karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallakarsa ta gargajiya, ita ma da nata kwamitin shawara, kuma tana iya ba mutum har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba tare da ta nemi amincewar gwamna ba. A takarda tsari ne mai kyau, an yi shi ne don a hana 'yan tsiraru danne ƙasa. Sai dai babu inda ya ce dole a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Muna makarantar sakandare labarin Bakolori ya iso mana a 1980, inda manoman da aka karɓe wa gonaki saboda madatsar ruwa suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka. A kan gulbinmu ne wannan ya faru, can ƙasa da mu. Ranar na fara gane cewa takarda tana iya fin shaidar dattijo ƙarfi.

Duk da haka na ga lokacin da ƙaramar hukuma take kusa da mutane. Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Tsafe, cikin duwatsu, nesa kaɗan da titin Funtuwa. Aji biyu ne a makarantar, yara sun haura ɗari, sauran a gindin bishiya. A Disamban 1990 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, zamanin SDP da NRC, zaɓen ƙato bayan ƙato. Kansilan da muka samu manomi ne, kowa ya san gonarsa, kuma kowa ya ga wanda ya tsaya a bayansa. Iyayen yara suka yanke shawarar gina aji uku. Dagaci ya nuna fili, aka buga tubali da gayya, mata suka yi ta jigilar ruwa daga rafi, magina biyu na garin suka ce ba za su karɓi ko kwabo ba. Da gini ya kai linta, muka ɗunguma mu bakwai a bayan a-kori-kura zuwa sakatariya, kansila a gaba. Muka samu ciyaman a ofishinsa, ba wanda ya tare mu a ƙofa. Ya saurare mu, ya tura injiniya ya duba, bayan sati uku aka kawo kwano da katako da ƙusa. Ka'idar da ake bi a lokacin ke nan ko da ba a rubuta ta ba: jama'a su tayar da gini, hukuma ta rufa. Yaran da suka yi karatu a ajujuwan nan wasunsu yanzu malamai ne.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 Janar Sani Abacha ya ba mu Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Mun yi murna ta gaske, ni ma ina cikin waɗanda suka kwana a titi. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato da iyalansu, kowa yana neman muhalli, haya ta tashi, fegi ya zama haja. Dillalan filaye suka yawaita. Gari ya miƙe ta kowace kusurwa har ya fara cin gonakin ƙasar Bunguɗu. Wani kawuna da ke can ya ce mani ya kwanta yana manomi ya tashi yana maƙwabcin birni, ba tare da ya matsa ko taki ɗaya ba.

A cikin shekarun nan ne na dawo gida hutu na tarar da turakun siminti a cikin lambunan bakin gulbi. Aka ce wasu mutane ne suka zo da mota da igiyar awo daga wani ofishi, suka yini suna kafawa. Mai unguwa na lokacin, ɗan wancan ne, ya ce shi ma ganin turakun ya yi kamar kowa. Masu lambu suka bi sawu, aka yi ta juya su daga wannan tebur zuwa wancan, daga ƙarshe aka ba wasu 'yan kuɗi kaɗan da sunan diyya, wasu ko haka ba su samu ba. Kafin shekara biyu an fara gini. Burtalin ya tsuke har saniya biyu ba sa iya jerawa, daga baya katanga ta rufe shi gaba ɗaya. An sare tsamiyar. Wani gida kuma a tsakiyar kwarinmu aka kafa harsashinsa, aka bar wa ruwa ɗan lambatun da bai fi kamu uku ba. Ba na zargin waɗanda suka saya. Baƙi ne, da kuɗinsu da takardarsu, ba wanda ya nuna musu inda sarkin ruwa ya ɗora hannu.

Bazarar da ta biyo baya aka yi shelar gayya kamar kullum. Mutum goma sha wani abu suka fito, yawancinsu masu furfura. Na tari wani saurayi ɗan maƙwabcinmu na ce, "Kai, ba ka ji shela ba?" Ya rusuna ya ce, "Baba, na jiya. Amma in mun yashe, ina ruwan za shi bi? Waɗanda sunka yanka fegin su zo su gyara." Na rasa amsar da zan ba shi. Yaron ba malalaci ba ne, na san shi, shi ke wanke masallaci duk Juma'a. Ya dai ga cewa an yanke magana ba da su ba, sai ya janye hannunsa. Daga wannan shekarar gayyar hanyar ruwa ta mutu a unguwarmu, ba kuma talauci ko boko ne suka kashe ta ba kamar yadda ake yawan faɗa.

Ranar 30 ga Satumban 2006, cikin kwanakin farko na azumi, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Rahotannin lokacin sun ce gidaje kusan 500 ne suka rushe. Ɓallewar madatsa daban take da maganar fegi, amma da ruwan ya taso tsohuwar hanyarsa ya bi, ya shiga duk inda dattawa suka ce nasa ne. Abin da na fi tunawa a ranakun nan shi ne samarin da ake cewa sun lalace. Su ne suka shiga ruwa har ƙirji suna fito da tsofaffi da yara, suka ɗaura igiya daga bishiya zuwa bishiya, suka kwashe hatsi zuwa makarantar firamare. Mata suka dafa abincin buɗa-baki da na sahur a manyan tukwane don waɗanda suka rasa murhu. Ba wanda ya yi shela. Famfo ya ɗauke a gari na tsawon lokaci, 'yan garuwa suka zama abin nema, amma ban ga gidan da aka bari da ƙishi ba. Wancan saurayin yana cikin waɗanda suka fi kowa aiki.

Akwai abin da ke sosa mini rai game da kalmar sa kai. Muna yara, ɗan sa kai shi ne wanda ya fito yashe rijiya ko gyaran maƙabarta ba don a biya shi ba. Yau idan ka ce 'yan sa kai a Tsafe ko Bunguɗu, mutum mai bindiga ake gani. Rikicin da ya ɗaiɗaita ƙauyukanmu yana da saiwoyi da yawa, amma duk wanda ya zauna da manoma da makiyaya zai ji suna ambaton burtali da mashaya da makiyayar da aka yanka aka raba ba tare da an tambayi kowa ba. Abin da ya faru da ɗan burtalinmu na bakin gulbi ya faru a daji da girman da ya ninka haka sau ɗari. Ƙauyen da na koyar a cikinsa yanzu ba a zuwa sai da shiri da addu'a.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Ina fatan hakan ya tabbata a ƙananan hukumominmu 14. Roƙona ga ciyamomi da kansilolin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da ma'aikatan filaye na jiha, ƙarami ne. Kafin a kafa turke ko ɗaya a fadama ko bakin gulbi ko gefen burtali, a liƙa taswirar a ƙofar mai unguwa da ta masallaci, a sa rana, a kira masu lambu da makiyaya da tsofaffin da suka ga ruwan 2006. Suna nan da ransu, kuma za su iya kai ku har inda ya tsaya su nuna muku da hannu.