Ragowar Gwangwani Ɗaya Da Ta Jawo Mana Aikin Kwana Tara

Mu masu fentin mota ne a wani gareji da ke Agege, mu huɗu: maigidanmu da ya koya mana aikin, da mu uku da ke ƙarƙashinsa. Akwai abin da ya same mu da daminar da ta wuce, mun daɗe muna jin nauyin faɗarsa. Amma da yake 'yan uwanmu da yawa a nan Legas ko dai suna wannan sana'a, ko kuma suna kai motocinsu a fesa musu, muka ga gara mu faɗa ko wani zai tsira daga irinsa.

Wani dattijo ɗan kasuwa, wanda ya fi shekara goma yana kawo mana aiki, ya kawo baƙar Camry ɗinsa a sake mata fenti gaba ɗaya. Zai aurar da 'yarsa a Katsina, kuma a cikin motar yake so a kai amarya. Ya ba mu kwana goma, ya biya kuɗin kaya masu kyau ba tare da ya nemi ragi ba. Abin da ya ce da maigida kawai shi ne, "Malam, ka san ba na duba aikinka. Ka dai fitar da ni kunya."

Ga wanda bai san aikin ba, fentin mota na zamani hawa-hawa ne. Bayan an gyara jiki an shafa fila, sai a fesa firaima, wato shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe. Sai launi, wanda a gareji muke kira otobes, sunan da asalinsa na wani samfurin fentin kamfanin Sikkens ne. Daga ƙarshe sai kiliya, ruwan nan garau da ke ba mota ƙyalli, yana kuma kare launin daga rana da ruwa. Kiliya ba ta bushewa da iska kaɗai. Sai an zuba mata hadina, sinadarin da ke sa ta ƙanƙame ta yi tauri, a ƙara ɗan tina don ta tsinke ta bi ta bakin bindigar feshi.

Ranar Asabar da yamma muka zo kan kiliya. Mun gama ƙofofi da bonet, saura saman motar da but, sai hadina ta ƙare. Maigida ya tafi gaisuwar rasuwa a Idi-Araba. Zuwa Ladipo a dawo a wannan lokaci, ga cunkoso ga hadari ya haɗo, ba mai yiwuwa ba ne, kuma launin da muka riga muka fesa ba a so ya daɗe ba a rufe shi ba. A kan kanta akwai ragowar hadina ta wani kamfani dabam, rabin gwangwani, tun wani aiki da muka yi watanni baya. Muka duba jikinta muka ga an rubuta biyu da ɗaya, irin ma'aunin tamu. Ɗayanmu ya ce ai hadina hadina ce. Babu wanda ya musa a cikinmu. Muka zuba, muka gauraya, muka fesa.

A daren nan motar ta yi kyau ƙwarai, kana ganin fuskarka a samanta. Muka rufe gareji muna yabon kanmu, ba mu kuma gaya wa maigida komai ba.

Ranar Talata ƙaraminmu ya danna babban yatsansa a kan but, sai ga shatin yatsan ya zauna. Ya danna a ƙofa, ƙofa ta yi tauri kamar gilashi. Nan ne ya kamata mu yi magana. Maimakon haka muka ce sanyin damina ne, muka tura motar rana. Ranar Alhamis Alhaji ya zo ya ɗauka yana ta sa mana albarka. Ya kai gida ya lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa. Da ya yaye washegari, saƙar tamfol ɗin ta fito raɗau a saman motar. Lokaci ya ƙure, haka ya kama hanya, ta Ibadan da Ilorin da Jebba har gida. Ƙurar hanya ta manne a fentin da bai ƙanƙame ba. Motar da aka shirya domin amarya, a bayan gida aka ajiye ta, aka ari ta wani.

Sai daga baya, da muka zauna da wani tsohon ma'aikacin kamfanin fenti, muka fahimci abin da muka yi. Kiliya da hadina ba kamar ruwa da gari ba ne da za ka ƙara wannan ka rage wancan. Haɗuwa suke yi su zama abu ɗaya, kowane ƙwayar sinadari na cikin kiliya yana neman abokinsa a cikin hadina. Kowane kamfani, ko Sikkens na Holan ne, ko Glasurit da Standox na Jamus, ko PPG na Amurka, ya auna ƙarfin hadinarsa daidai da kiliyarsa. Don haka biyu da ɗaya na wannan gida ba lallai ya zama biyu da ɗaya na wancan ba. Idan hadinar ta gaza, fenti ya zauna da laushi. Idan ta yi yawa, ya yi ƙarfin da zai iya tsagewa, ko ƙyallinsa ya dushe.

Akwai kuma kuskure na biyu da ya hau kan na farko. Sinadarin da ke cikin hadina yana shan danshin iska. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye watanni a gari mai laima irin Legas, wani ɓangare na ƙarfinsa ya riga ya tafi tun kafin a zuba shi. Mun lura ta ɗan yi kauri a ranar, muka kau da kai.

Ba muna cewa duk wanda ya haɗa kayan kamfani biyu a mota ɗaya ya yi ɓarna ba. Kowane mai fenti ya san ana yi, mu ma muna yi. Firaimar da ta bushe sarai aka goge ta da samfefa mai laushi, sau da yawa takan karɓi launin wani kamfani lafiya. Kiliyar wani gida a kan launin wani gida ma mutane na yi su dace, sai dai kasada ce, domin kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da ya biyo baya, kuma idan ba su jitu ba, bayan watanni za ka ga kiliyar tana ɓarewa kamar fatar albasa. Amma abin da zai shiga kofi ɗaya a gauraya, wato kiliya da hadinarta da tinarta, ko firaima da tata hadinar, wannan kam dole su zama 'yan gida ɗaya. Ko a gida ɗayan ma sai an duba, domin yawancin firaima huɗu da ɗaya ake haɗa ta, kuma akwai hadina mai saurin kamawa da mai jinkiri. Lokutan bushewa da ake rubutawa a takardar kaya galibi an auna su ne a zafin digiri 20, mu kuwa a nan mun saba aiki a digiri 30 ko fiye, saboda haka mai jinkirin ta fi dacewa da babban aiki.

Tina ma haka take. Tinar wanke bindiga mai araha tana da zafi. Idan aka tsinka fenti da ita aka fesa a kan tsohon fentin da ba na hadina ba, sai ka ga ya tattare ya yi yamutsi kamar fatar tsoho. Araha ba ta ado.

Da Alhaji ya dawo daga biki, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye motar a bakin gareji ya miƙa wa maigida makulli. Maigida ya shafa saman motar, ya shafa ƙofa, ya juyo ya dube mu. A lokacin akwai hanyar fita mai sauƙi a gabanmu: mu ce jabun kaya aka sayar mana. Kowa ya san akwai jabu a kasuwa, babu wanda zai ƙaryata mu, kuma da laifin ya faɗa kan mai shagon da bai ci ba bai sha ba. Babbanmu ya ce, "Oga, mu ne. Hadina ta ƙare, muka zuba wata."

Maigida ya yi shiru, sannan ya ce da Alhaji, "Alhaji, laifin garejina ne, kuma garejina ni ne. Ka bar mana ita." Alhaji ya ce, "Kuɗin fenti ba shi ne ya dame ni ba, Malam. Da an gaya mini ranar Alhamis, da na san yadda zan yi." Wannan maganar ta fi mana zafi a kan a ce zaginmu ya yi.

Gyaran ya ci kwana tara. Fentin da bai ƙanƙame ba ba ya goguwa, cushe samfefa yake yi kamar cingam, kuma ba a fesa sabo a kansa domin na ƙasan zai ci gaba da motsi. Sai da muka kankare saman motar da but har ƙasa, muka sake tun daga firaima. Kuɗin kayan daga aljihunmu mu uku ya fito, haka maigida ya yanke, kuma ba mu ga ya zalunce mu ba. Kuɗin hadinar da muka ƙi jira mu saya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka kashe ba.

Tun daga nan muka sauya wasu abubuwa. Ba ma fara kiliya sai mun auna mun ga hadinar za ta kai ƙarshen aiki. Duk gwangwanin da aka buɗe muna rubuta ranar a jikinsa. Da kofin awo muke haɗi, mun daina na ido. Idan dole ta sa za mu ɗora kayan wani kamfani a kan na wani, sai mun gwada a tsohuwar ƙofa, mu bar ta ta kwana biyu, mu danna farce, mu tsaga ta da reza mu manna salatif mu fizge mu gani ko za ta ɗago. Kuma mun daina feshi da ƙyalle a hanci, domin tururin hadina yana lalata huhu, yana jawo asma. Takunkumi mai matata muke sawa.

Ku kuma masu motoci, idan kun kai aiki ku tambayi mai fenti: kiliyar da hadinar na kamfani ɗaya ne? Ku ce a nuna muku gwangwanayen. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Kada ku matsa a ba ku mota washegarin feshi, kuma ku ɗaga mata ƙafa daga tamfol kamar mako guda idan ba a gasa ta a ɗakin gashi ba.

Alhaji ya karɓi motarsa, ya yi godiya. Wata huɗu ba mu gan shi ba. A makon jiya ya aiko yaronsa da wata motar, da saƙon cewa maigida da kansa yake so ya haɗa fentin. Mun ji saƙon, kuma mun san da mu ake. Allah ya sa mu gyara, ya ba kowa sa'a a sana'arsa.