Mahaifin Wa Hadiza Ta Gaida?

A cikin atisayen Ingilishi da ake ba ɗaliban kwalejojinmu akwai wata irin tambaya da ba ta tsufa: a kawo jimla, a bar gurbi, a ce yaro ya cike shi da wakilin sunan da ya dace. Abin da ake son ganowa shi ne ko ya san sunan da wakilin yake komawa gare shi, wato magabacinsa, kuma ko zai iya daidaita su biyun ta fuskar jinsi da adadi. A lokutan hutu nakan zauna da ƙannenmu a Mirriya masu shirin jarrabawar BEPC, kuma kuskure ɗaya nake ta cin karo da shi a littattafansu. Idan aka rubuta “Hadiza greeted ... father”, sai su sa “his” inda ake jiran “her”. Idan kuma aka ce “Musa greeted ... mother”, sai “her” ya fito.

Bayanin da na fi ji daga bakin mutane shi ne wai Hausa ce take ruɗa yaran. Ban yarda da wannan ba, domin idan akwai harshen da ya wanke hannunsa daga wannan laifi, to Hausa ce.

A duba yadda harsunan uku suke gina mallaka. Ingilishi yana kallon mai abu kawai: “his” na namiji, “her” na mace, ko da mene ne aka mallaka. Faransanci kuwa abin da aka mallaka yake kallo: “son père”, “sa mère”, ko Musa ne mai su ko Hadiza. Hausa ta haɗa duka biyun cikin kalma ɗaya. Muna cewa gidansa, gidanta, gonarsa, gonarta. Harafin -n ko -r yana bin jinsin abin da aka mallaka, shi kuma -sa ko -ta yana bin jinsin mai abin. Saboda haka yaron da tun yana goye yake jin “ubanta” da “uwarsa” ya riga ya mallaki ƙa'idar da Ingilishi yake nema: -sa shi ne “his”, -ta shi ne “her”. Abin da ya faru shi ne ya iso ajin Ingilishi bayan shekara shida na firamare cikin Faransanci, kuma ta Faransancin ake yi masa bayanin sabon harshen. Da ya ga “father” sai “son père” ya faɗo masa a rai, ya ɗauki “son” a matsayin na namiji, ya fassara shi da “his”. Ya bi ƙa'ida sarai, sai dai ƙa'idar wani harshe ce dabam. Duk lokacin da na ce wa yaro ya faɗi jimlar da Hausa tukuna, ya ce “Hadiza ta gaida mahaifinta”, ba na buƙatar ƙara masa komai.

Ba wai Hausa ba ta da nata tarkon ba. Ba mu da jinsi na uku irin “it”. Kowane tilon suna ko namiji ne ko mace. Duk wanda ya taso a garin da ya shahara da ginin tukwane kamar namu ya san tulu “shi” ne, tukunya “ita” ce, don haka ba abin mamaki ba ne yaro ya kira tukunya “she”. Amma wannan kuskure yana saurin warkewa, kuma a nan Faransanci da Hausa bakinsu ɗaya, tun da shi ma kowane suna yana da jinsi a cikinsa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda wannan jinsin yake yi mana aikin da Ingilishi ba ya iyawa. A ɗauki “The pot fell on the jar and it broke”. Me ya fashe? Jimlar ba ta faɗa ba. Bahaushe ba zai iya kauce wa tambayar ba ko da ya so: ko dai ya ce tukunya ta faɗa kan tulu ya fashe, ko ta fashe. Wasali ɗaya da baƙi ɗaya sun raba gardama. Ɗalibin da ya saba da wannan fayyacewa, idan aka ba shi irin waccan jimla aka ce ya ja layi ƙarƙashin sunan da “it” yake wakilta, sai ya tsaya yana neman alamar da babu ita. Daga nan ne ake koya masa dabarar ɓoye: zaɓi sunan da ya fi kusa. Dabarar takan ci maki a wasu lokuta, amma ba nahawu ba ce. A “Musa could not lift the boy because he was too heavy”, yaron ne mai nauyi. A canza kalmar ƙarshe zuwa “weak”, sai “he” ya koma kan Musa, alhali babu abin da ya motsa a ginin jimlar. Sanin duniya ne ya yanke hukunci. Terry Winograd ya nuna irin wannan matsala tun 1972, lokacin da yake nazarin yadda kwamfuta za ta fahimci harshen ɗan Adam, kuma har yau ana amfani da jimloli masu wannan siffa wajen gwada na'urori.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin masu tsara tambayoyin ba sa rarrabewa. Akwai wakilin sunan da nahawu ya ɗaure shi da magabacinsa, akwai kuma wanda aka sake. Noam Chomsky ya tsara bambancin a littafinsa na 1981 kan mulki da ɗauri a ginin jimla, amma mai jin Hausa ba ya buƙatar littafin kafin ya gane shi. “Hadiza ta ga kanta a madubi”: dole Hadiza ce aka gani. “Hadiza ta gan ta a kasuwa”: dole wata ce dabam. Haka “herself” da “her” suke a Ingilishi, kuma tambaya a kansu tana da amsa guda tsayayya. (Cewa “kanta” na iya nufin kan da ke bisa wuyanta wani zance ne, kuma harsuna da yawa na Afirka daga sunan kai ko jiki suka samo wannan wakili.) Wakilin mallaka kuwa a sake yake. “Hadiza greeted his father” jimla ce lafiyayya. Mahaifin wani namiji ne ta gaida, wanda ƙila an ambace shi a baya. Mai tambaya ya ɗauka cewa duniyar ta ƙare a iyakar jimlarsa, bai faɗi hakan ba, sannan ya sa jan biro a kan amsar da harshen kansa bai haramta ba. Na san yarana ba wannan tunani ya kai su ga “his” ba, amma tambayar da ba ta iya bambance mai kuskure da mai wata fassara ba ta auna abin da take da'awar aunawa.

Haka nan “Everyone must bring ... book”. Tsohuwar amsa “his” ce, kuma ta yi daidai da namu “kowa ya kawo littafinsa”. Masu harshen kuwa sun daɗe suna cewa “their”, har ƙamus na Merriam-Webster ya zaɓi “they” na tilo a matsayin kalmar shekarar 2019. Yaron Mirriya ba shi da hanyar sanin wane zamani ne mai gyaran takardarsa yake rayuwa a ciki.

A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Nijar, cikin 1973, kuma da Hausa aka fara. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka malamin Ingilishi da zai rubuta “gidansa” da “gidanta” a allo kusa da “his house” da “her house” yakan ji kamar ya saɓa wa ƙa'idar aji. Darasin ba zai ci minti goma ba. Abin da zan roƙi masu tsara tambayoyi kuwa ƙarami ne: su riƙa gabatar da jimlar gurbi da wata jimla ɗaya da za ta rufe sauran ƙofofi. A ce Hadiza ta dawo gida daga Zinder, mahaifinta yana zaune a zaure, sannan a tambayi yaro wa ta gaida.