Ɓarnar Ruwa da Ba a Gani Sai da Rani

Shekaru da dama ke nan ina riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami a nan Bawku, kuma littafin da nake rubuta ƙararraki ya koya mini abu guda: ambaliya takan zo a Agusta ko Satumba, amma rigimarta ba ta isowa zaure sai wajen Disamba.

Duk shekarar da aka ce za a buɗe ƙofofin madatsar Bagre ta Burkina Faso, hankalin kowa yakan koma gonakin bakin kogi, inda masara da gero ke nutsewa. Wannan asara ce da ido ke gani, ana ƙirga ta, a kawo tabarmi da shinkafa. Amma a 2007, shekarar da ruwa ya yi wa arewacin Gana mummunar ɓarna, abin da ya fi daɗewa yana cin mutanenmu ba a bakin kogi ya faru ba. Wata ƙaramar madatsa ce da 'yan'uwanmu ke noman albasa a ƙarƙashinta. Ruwan sama ne ya cika ta har ta tumbatsa. Bagre ba ta da hannu, ko da yake har yau ita ake ɗora wa laifi.

Bangon madatsar ya tsira. Magudanar simintin da ke raba ruwa zuwa lambuna ita ta ji jiki: ruwa ya ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashinta, ta tsattsage, yashi da laka suka cike sauran. Ba wanda ya kula, don wa ke duban magudana da damina?

Sai da aka dasa albasa. Lambunan kusa da madatsa suka sha suka ƙoshi, na ƙarshen layi kuwa ruwa ya tsiyaye ta tsaga kafin ya kai musu. Wani ya tare magudana da buhun yashi cikin dare, wani ya zo da asuba ya janye. Mutum biyu da suka yi karatun allo a zaure ɗaya suka durƙusa gaban maigida, kowa na rantsuwa. Ƙaramin ya ce, "Baba, dashena yana ƙonewa ina kallo."

Maigida bai ba kowa gaskiya ba. Ya ce in rubuta sunan duk mai lambu, a fita gayya da shebur da kwanuka, a haɗa kuɗin siminti, sannan a raba ruwa kwana-kwana, a fara da na ƙarshen layi. An yi haka, ruwa ya gudana, sai dai lokacin dashe ya riga ya wuce wa wasu. Ƙaramin nan ya sayar da awakinsa ya biya bashin iri, ya tafi Kumasi dako.