Gizo A Kafaɗar Kakana

Mai karatu, in aka ce maka "Yaƙin Hitila", na san abin da zai faɗo maka a rai: finafinan Turawa, dusar ƙanƙara, da fararen sojoji suna gudu a bakin teku. To amma ko ka san akwai lokacin da sararin samaniyar Kanon nan tamu ya zama babbar hanyar jiragen yaƙin? Wannan tarihi ne ya hana ni sakat wajen wata takwas, har maƙwabtana a Gyaɗi-Gyaɗi suka fara cewa furfura ta fito amma wasan yara bai sake ni ba.

Abin da nake haɗawa shi ne filin jirgin saman Kano na shekarar 1941, a kan faifan katako, an rage girman komai sau 72. Jirgin da faɗin fukafukansa ya kai ƙafa 40 ya dawo santimita 17. Soja kuwa, duk tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Wani kafinta a Tarauni ya yanka mini katakon, yana yi yana dariya, wai shi rabonsa da irin wannan aiki tun zamanin motar kara da langa-langa. Gaskiyarsa. Bambancin kawai, motar kara yadda ka ga dama kake yin ta, wannan kuwa kowane ɗigon fenti sai da hujja.

Bari in ba ka asalin maganar. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus. Tekun Bahar Rum ya zama tarko, Ingila ta rasa hanyar kai jirage ga dakarunta da ke Masar. Sai aka fito da dabara: a loda jiragen a akwatuna, a sauke su a tashar Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Njamena wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, su ratsa Sudan ta Alfashir da Hartum, su dire Masar. Tafiyar kusan kwana shida ce. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Ka tuna kuma Nijar tana hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus har ƙarshen 1942. Ke nan sojan da ke gadin filin jirgin Kano ba don ado aka tsayar da shi ba. Damagaram ba ta da nisa.

Da na san wannan, sai na koma kan jiragen. Hotunan gidan tarihin yaƙi na Landan, wato Imperial War Museum, suna nan a intanet, na yi ta zuƙo su a waya har idona ya yi ja. Ayarin yakan zama jirgin Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba, shi ke ɗauke da masanin hanya, sai 'yan Hurricane masu inji ɗaya wajen shida suna biye da shi kamar kaza da 'yan tsaki. Hurricane ɗin da ya sauka Kano ba irin wanda ka saba gani a fim ba ne. Akwai wani kumburi a ƙarƙashin hancinsa, matatar iska ce da aka ƙara masa saboda ƙura da yashi. In ka manta da ita, to jirgin Landan ka yi, ba na Kano ba. Hatta zoben nan mai ja da fari da shuɗi na jikin jirgi, a tsakiyar 1942 an rage faɗin farin da rawayan da ke kewaye da shi. Tunda 1941 na zaɓa, dole in yi mai faɗin.

Amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne wajen sojan. Kakana na wajen uwa yana cikin mazan jiya da suka je Bama. Ban taso na same shi ba. Abin da ya bari shi ne gwangwanin taba, a ciki da ɗan ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo, kansa na kallon ƙasa. Mahaifiyata ta ɗauka laya ce. Ashe tambarin Runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma, wanda ake ɗinkawa a kafaɗa. Ananse ne na tatsuniyoyin mutanen Gana, ɗan'uwan Gizo namu na Ƙoƙi, mai cin galaba da wayo ba da ƙarfi ba. 'Yar'uwarta, Runduna ta 82, nata tambarin māsu biyu ne gicciye a kan gammo, don girmama masu dakon kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga.

Na so ƙwarai in tsayar da kakana a gindin Hurricane da Gizonsa a kafaɗa. Tarihi ya ce a'a. Sai a watan Maris na 1943 aka kafa Runduna ta 81, don haka babu wannan tambari a Kano a 1941. Haka jar dara da jar 'yar shara da ɗamara, waɗanda tsofaffi ke tunawa, kayan fareti ne da bukukuwa. Sojan da ke bakin aiki kakin zalla yake sawa, da gajeren wando. A Bama kuwa korayen kaya ne, da malafa mai faɗin baki, da adda a ƙugu. Shi ya sa na koma wajen kafintan nan ya yanko faifai na biyu: kwarin Kaladan, 1944, jirgin Dakota yana sako buhunan abinci daga sama, domin ta haka aka ciyar da rundunar. A nan kakana zai tsaya.

Za ka ce, wa zai lura? Ni ma an tambaye ni. Kwanaki na kalli wani fim ɗinmu inda aka nuno tsohon soja yana tuna Bama. Sai ga shi sanye da kakin nan mai dabbare-dabbare na sojan yau, riƙe da AK-47, bindigar da ba a ƙera ta ba sai bayan an gama yaƙin. Mutanen nan Lee-Enfield suka riƙe. Wallahi sai na ji kamar an kira kakana da sunan wani. Yaron da ya kalli fim ɗin shi ke nan ya hau kai ya zauna, don a wurinsa fim ne littafin tarihi.

'Yan'uwana na Zoo Road, da ku marubuta, labari fa yana nan jibge. Biyi Bandele ya rubuta Burma Boy a 2007, kan yaran Arewa da suka yi wannan yaƙi, amma da Turanci. Barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk sunayen Bama ne, muna wuce su kullum ba ma tambaya. Ba sai an kashe miliyoyi ba. Gidan Makama yana nan, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa suna Kaduna, tela kuma in ka nuna masa hoto zai ɗinka. Tambaya ce kawai, kuma matambayi ba ya ɓata.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar adaka a gidanku, roƙi izini ka buɗe. In ka ga lambar yabo, ko hoto, ko ɗan ƙyalle mai gammo ko Gizo, kada ka bari a zubar ranar kwalema. Nemi tsohuwar da ta san mai shi, ka zauna, ka rubuta abin da ta ce tun tana da rai. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu gama da duniya lafiya.