Daga Allo Zuwa Ɗakin Zane: Tunanin Wani Ɗalibi Ɗan Wonaka

Tambayar da ta fi damun mai koyon zane ita ce sanin inda idonsa ya fara koyon kallo. Wani matashi ɗan Wonaka, a ƙaramar hukumar Gusau, da ke karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe yana juya wannan tambaya a ransa. Ya zo ne daga garin manoma inda ba a san zane a matsayin sana'ar da ake zuwa jami'a dominta ba, don haka ya shiga ɗakin zane yana ganin bai zo da komai ba.

Shekarar farko ta horon hannu ce. Ana ajiye tulu ko ƙyalle a kan tebur, a ce ɗalibi ya zana da fensir ko gawayi, ya auna tsawo da faɗi da ido, ya bambance inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Ya sha wahala wajen nuna nisa da kusa a kan takarda shimfiɗaɗɗiya. Amma malamansa sun lura da abu guda, wato layinsa ba ya rawa. Da ya bi sawun wannan baiwa, sai ya tarar da ita a makarantar allo. Yaron da ya shekara bakwai yana fiƙe alƙalami, yana tsoma shi a tawadar gawayi da ƙaro, yana jan harafi ba tare da ya ɗiga ba, ya riga ya san nauyin hannu da ƙa'idar tazara. Zayyanar da ake yi wa allon sauka kuwa darasi ce cikakkiya a kan daidaita siffofi da launuka.

Tarihin sashen da kansa ya ƙarfafa masa gwiwa. A shekarar 1958, tun makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun Turawa, a auratar da su da fasahar gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya gina aikinsa a kai. Ɗalibin ya ga cewa shi ma yana da rumbun da zai ɗiba: dagi da aska takwas a wuyan babbar riga, zanen ƙwarya, adon magina a fuskar zaure, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Haka kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta ƙware a ginin tukwane na gargajiya kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954.

Akwai kuma wani ƙulli da ba ya kwancewa da sauƙi. Ɗalibin ya taso a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, cikin al'ummar da ke ƙyamar surar mai rai, alhali darasin zana jikin ɗan'adam ginshiƙi ne a manhajar karatunsa. Mahaifinsa ya taɓa tambayarsa, “Yanzu kai gumaka za ka koyo?” Ya amsa da ladabi, “Baba, ido da hannu nake horarwa.” Ya yi darasin domin sanin awo da ma'auni, amma da lokacin zaɓen hanya ya zo, sai ya karkata ga gine-gine da shimfiɗar ƙasa da siffofin zayyana, inda zuciyarsa ta fi natsuwa.

Abin da ya ba aikin nasa nauyi shi ne halin da gida ke ciki. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankunan Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ginin ƙasa kuwa yana buƙatar mai shi, domin idan ba a yi masa yaɓe ba, damina biyu ko uku sun isa su rusa shi, adonsa ya bi ruwa. Saboda haka ya ɗauki alwashin zana zauruka da rumbuna da duwatsun Kwatarkwashi, yana niƙa jar ƙasa da farar ƙasa, yana haɗa su da ƙaro domin launin ya zama na wurin. Wani zauren da ya zana a hutun bara, yau babu shi sai a takardarsa.

A wurinsa, ɗakin zane ya koya masa haƙuri da awo da karɓar gyara a gaban jama'a, gida kuma ya ba shi abin faɗa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Burinsa shi ne ranar da hanya za ta yi lafiya, ya baje waɗannan zane-zane a Wonaka, domin maginan da suka rage su duba, su faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kauce.