Sojan Da Na Shafe Wa Fuska

Lokacin da nake ƙarin karatu a birnin Notingham na ƙasar Ingila, na yi maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa. Idan hunturu ya kora mutane ɗaki, nakan hango shi ta taga a sunkuye gaban fitila da ɗan buroshi a hannu. Ranar da ya kira ni shan shayi sai na tarar da rundunar 'yan mitsi-mitsin sojoji jere bisa tebur, tsayin kowanne kimanin milimita 28, wato kamar gaɓar babban yatsa.

Ya bayyana mini cewa da su ake wasan yaƙin kan tebur. Mutum biyu kan jera rundunoninsu, su auna tafiyarsu da abin awo, su jefa ɗan ludo don sanin wanda harbinsa ya samu. Tun a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa dokokin irin wannan wasa. Kamfanin Games Workshop kuwa, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma hedikwatarsa tana Notingham ɗin. Sai dai akasarin sojojin ba sa zuwa da launi. Mai su ne zai harhaɗa su, ya fente su, ya shirya musu gindin tsayawa.

Ya miƙo mini wani sojan Faransa na zamanin Nafoliyon, ya ce in gwada. Na raina aikin, na dumbuzo fenti mai kauri na lafta masa baki ɗaya. Da ya bushe, sai ga shi babu ido, babu gashin baki, babu maɓallan riga. Duk ƙoƙarin masassaƙi ya nutse. Kunya ta rufe ni, na ce, "Baba, na ɓata maka kaya." Ya yi murmushi ya ce, "Sauri ka yi, ɗana. Ɗauki wani."

A nan na koyi matakan aikin. Da farko akan fesa shafen ƙasa domin fenti ya kama. Sannan a tsinka fentin da ruwa, a shafa sau biyu ko uku, kowane shafi sai na baya ya bushe. Daga nan a bi da ruwan launi mai duhu, ya kwanta cikin lunguna ya fito da inuwa. A ƙarshe a goge buroshi har ya kusa bushewa, a shafi tudun jiki da launi mai haske.

Na zaci an gama, sai ya tambaye ni, "A ina yake tsaye?" Ashe gindin shi ke ba da labari. Akan shafa masa farin gam, a barbaɗa yashi, a fente, a dasa ciyawar roba. Rairayi ya mai da sojan Masar ta 1798, farar ƙanƙara ta kai shi Rasha ta 1812. Kwana uku na yi kafin na gama soja ɗaya.

Dattijon ya bar mini na farkon, kuma har yau yana kan teburina. Duk ranar da zangon karatu ya ƙure, zuciya ta raya mini in jibga wa ɗalibai babi uku a darasi guda, nakan dubi wannan soja marar fuska, in rage abin da na shirya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.